Yayanmu zai dawo daga Indiya bayan dashen hanji: Yamai zai zauna ko Tawa?

Ƙanwar mai jinya, Bilbis:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda ya san abin ya yi magana. Bara hanjin Yayanmu ya murɗe. Kafin a kai ga yi masa aiki, mafi yawan ƙaramin hanjin ya riga ya mutu, dole aka yanke. Ɗan abin da ya rage bai iya riƙe komai, duk abin da ya ci sai ya wuce, ta jijiya ake ciyar da shi har Allah ya sa aka fita da shi Indiya. Can aka yi masa dashen hanji, ƙanenmu ne ya ba shi yanki daga nasa. Yanzu wata shida ke nan, yana ci da bakinsa, an daina sa masa abincin jijiya, likitoci kuma sun yarda ya dawo ƙarshen watan nan. Amma ƙofar da suka buɗe masa a gefen ciki tana nan da leda manne, sai ya koma can bayan wata uku za su rufe.

Ga inda gida ya rabu. Inna ta ce daga filin jirgi sai Tawa, ɗakinsa ma an share an yi shafe. Matarsa da ke can tare da shi ta ce likitan ya ja kunnenta kada ya yi nisa da babban asibiti, don haka Yamai za su zauna. Haya a Yamai kuɗi ce, mu kuma fili da shanu duk sun tafi cikin jinyar nan. Me kuka gani?

Kawu na Garkawa:
Wa alaikumus salam ɗiyata, barkanmu da arziki. Ni ban ga abin gardama ba cikin wanga zance. Yaro ya daɗe ƙasar mutane, uwatai ba ta sa shi ido ba, ku maido shi gida. Ga asibitin jiha nan Tawa, ga lokotoro. Shi zamna cikin nashi, shi sha hura da nono, jiki shi dawo. Kaɗaici ma ciwo na.

Majo mai ritaya, Yantala:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma a nan ba zan bi ku ba. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin waɗanda aka yi wa aikin ciki, na san halin mai sitomi, wato mai irin ƙofar nan a gefen ciki. Abin da ke fita ta ƙofar nan ruwa-ruwa ne, domin bai bi ta babban hanji ba, shi kuwa babban hanjin ne ke tsotse ruwa da gishiri ya mayar wa jiki. Mutum na iya zubar da lita guda a yini yana ganin lafiyarsa lau. A haɗa da zufar bazara, ƙoda ce ke fara jin jiki.

Kawu na Garkawa:
To Majo, Yamai ba ta da rana? Na yi watan Afrilu Yamai, ban ji wani sanyi ba.

Likita Ba'adare, Faransa:
Kawu yana da gaskiya a nan, zafin Yamai da na Tawa duk ɗaya ne, dukkansu suna haye 40 a bazara. Ba zafi ne dalilin da ya sa likitan ya ja kunnen matarsa ba. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Cikin duk gaɓoɓin da ake dasawa, hanji ne jiki ya fi saurin ƙi. Ƙoda da hanta da zuciya an daɗe ana dasa su, amma hanji ya yi ta gagarar likitoci. Sai a 1988 aka samu wanda aka dasa wa hanji haɗe da hanta ya rayu yana ci da bakinsa, a garin Landan na Kanada, sannan daga 1990 tawagar Thomas Starzl a Fitsbag ta Amurka ta fara amfani da takrolimus, maganin danne garkuwar jiki don kada ta ƙi dashe, aikin ya soma tsayawa. Har yau Amurka duk girmanta ba ta cika wuce dashe 100 a shekara ba. Dalilin wahalar dashen hanji biyu ne. Na ɗaya, bangon hanji cike yake da ƙwayoyin garkuwar jikin wanda ya bayar, garkuwar mai karɓa kuwa tana ganinsu ta taso. Na biyu, cikin hanji ƙwayoyin cuta ne maƙil, kuma siririyar fatar cikinsa ce kaɗai ta raba su da jini. Idan jiki ya fara ƙin dashen, fatar nan yake fara ci. Da ta ɓare, ƙwayoyin cutar sun shiga jini, ga mutum kuma an danne masa garkuwa da magani. Abin da zai ɗauki wani mutum mako guda, shi cikin yini ɗaya ko biyu yake kwantar da shi.

Ƙofar nan da suka bari, ba don aikin bai ƙare ba ne. Ta nan suke zura siririn tiyo mai kyamara su ga cikin sabon hanjin, su gutsuro ɗan nama kamar ƙwayar gero a duba. A makonnin farko sau biyu a mako ake yi, daga baya a riƙa ragewa. Babu awon jini da ya isa shi kaɗai ya ce jiki ya ƙi hanji ko bai ƙi ba, sai an duba naman. Ke nan inda zai zauna dole a samu likitan ciki mai kyamara, da mai duba nama, da labo mai ba da sakamako da wuri. Ƙwararrun nan a Yamai suka fi taruwa, tsakanin Babban Asibitin Ƙasa, da na Lamorde, da Asibitin Referans. Wannan ba raina asibitin jiha ba ne, can aka haife ni.

Kawu na Garkawa:
Na ji, lokotoro. Amma mi za a gani in abin ya taso? In zawo na, ai maganin zawo kowane kanti akwai.

Likita Ba'adare, Faransa:
Kawu, nan ne wurin da nake tsoro. Alamun ƙin dashe su ne zazzaɓi, ruwan leda ya ƙaru farat ɗaya, ciwon ciki ko kumburi, amai, jini a leda, ko naman ƙofar ya sake launi daga ja ya yi duhu. To cutar da ƙwayoyin cuta ke kawowa, musamman wata da ake kira CMV, ita ma haka take zuwa, ba ka bambance su da ido. Maganinsu kuma kishiyar juna ne. In jiki ne ya ƙi dashen, ƙara danne garkuwa ake yi. In ƙwayar cuta ce, sassauta dannewar ake yi a ba da maganinta. Wanda ya yi canke ya kuskure, ya ƙara wa wuta makamashi. Shi ya sa a wurinsa babu ƙaramin zawo, kuma zafin jiki ya kai 38 asibiti ne a daren, ba da safe ba. Masu dashen hanji da yawa, wajen ɗaya cikin uku ko fiye, sai sun gamu da ƙin dashe a shekarar farko. Wanda aka gano da wuri yawanci magani na mayar da shi.

Direban kar, tashar Tawa:
Ni hanya na sani. Tawa zuwa Yamai kilomita wajen 550 ne. In mun tashi da asuba, mu bi Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sai bayan azahar ko la'asar muke shiga, in mota ba ta ba da matsala ba. Mai zazzaɓi da leda a ciki, cikin cunkoso, wannan na tari wancan na atishawa, wallahi ban so in ɗauko shi haka. Hajiya ita ce za ta hau mota ta je ta ga ɗanta, kujerar gaba na ɗauke mata.

Ƙanwar mai jinya, Bilbis:
Allah ya saka, direba. Likita, na gode, yau na gane amfanin ƙofar nan. Mu a gida muna ɗauka kuɗi ne suka ƙare shi ya sa ba a rufe ba.

Mai farmasi, Bukoki:
Ƙanwata, ko ina ya zauna, maganar magani ita ce za ta fi ba ku wuya, ku fara ta tun yana can. Takrolimus sha ne na har abada, irin wanda ake sha sau biyu kuma awa 12 ne tsakani, ƙarfe takwas na safe da takwas na dare misali, ba "bayan sallar isha'i" ba, don lokacin isha'i yana matsawa. A sa ƙararrawa a wayar mutum biyu. Ya riƙa sha iri ɗaya kullum game da abinci, an fi so ciki ba komai, awa ɗaya kafin ci ko awa biyu zuwa uku bayan ci.

Ba magani ne da za ka shiga kowace farmasi ka tarar a kanta ba. Su taho da na wata uku da ƙari, a jakar hannu, kada ya shiga cikin kayan da ake aunawa. Tun saura wata guda ya ƙare a yi odar wani. Kuma kada a canza kamfani haka kawai don an samu mai araha, in dole ta sa an canza sai an sake auna jini. A ajiye shi wuri mai inuwa marar danshi, ba cikin mota ba, ba kan taga ba.

Awon takrolimus kuma da safe ake ɗibar jinin kafin ya sha na safen. Na sha ganin masu dashen ƙoda sun sha magani sannan su tafi labo, sakamako ya fito sama, hankalin kowa ya tashi a banza. Tub ɗin da ake zubawa mai murfi launin albasar Galmi ne, jinin yana jure ƴan kwanaki, ana iya aika shi. Ku bincika tun yanzu labon da zai karɓa da kwanakin da sakamako ke ɗauka.

Majo mai ritaya, Yantala:
Ka manta masu tallar magani a kai.

Mai farmasi, Bukoki:
Ban manta ba Majo, ina tafe. Diklofenak da ibuprofen da duk ƙwayoyin ciwon jiki da ake sayarwa a tire, haramun ne gare shi a likitance, domin takrolimus da kansa yana matsa wa ƙoda, su kuma su ƙarasa. Wasu magunguna suna ɗaga takrolimus a jini har ya zama guba, kamar eritromisin da klaritromisin da flukonazol. Rifampisin na tarin fuka kuwa zubar da shi yake yi ƙasa, jiki ya samu hanyar ƙin dashen. Lemun pampalmus, babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci, ma yana ɗaga shi, a bar shi gaba ɗaya. Wani abin da mutane ba su zata ba: zawo yana ɗaga takrolimus, ba rage shi yake ba, don haka kada wani ya ce "maganin ya wuce" ya ƙara masa ƙwaya. Duk wanda zai rubuta masa ordinas, wato takardar sayen magani, ko na zazzaɓin cizon sauro ne, a fara nuna masa takardar magungunan da yake sha. Da damina gidan sauro kowane dare.

Maman Biyu, Talaje:
Sannu ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Maigidana dashen ƙoda aka yi masa a Tunisiya, ba hanji ba, amma maganin iri ɗaya ne, kuma abin da ya fi wahalar da mu ba asibiti ba ne, ƴan dubiya ne. Ranar da muka sauka gida ya cika har ƙofar waje. Kowa sai ya shiga ɗaki, ya ba da hannu, ya zauna bakin gado, wata da goyo yana tari. Sati bai cika ba muka koma asibiti. Da muka fito na shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, na ajiye buta da sabulu a bakin zaure, shi yana kan kujera can gefe da takunkumi, a gaisa daga nesa. An yi fushi da ni, wata gwaggonsa ta ce na raba shi da danginsa, har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Ban ji daɗi ba amma ban janye ba.

Abin da nake hango muku ke nan. A Tawa, ɗan kasuwa da kowa ya sani, unguwa duka za ta zo, kuma matarsa ba za ta iya tare ƙofa a gidan surukai ba. Kunya ba za ta bar ta ba. A Yamai mutanen kaɗan ne.

Kawu na Garkawa:
Wagga magana ta yi mini nauyi. Dubiya hakki ta. Mutum shi taso don Allah a ce mishi tsaya can?

Malam, Wadata:
Alhaji, dubiya hakki ce, amma an shar'anta ta ne don sanyaya wa marar lafiya, ba don a ƙara masa ciwo ba. Mai mura ko tari ko wanda ɗansa ke ƙyanda ko ƙarambau, ya aiko da gaisuwa da addu'a, ladansa na nan. In babba irinku ya tsaya a zaure ya faɗi haka, ba wanda zai ga laifin yarinya.

Tun da na shigo, bari in taɓa abu biyu da na san za su taso. Azumi: aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun sauƙaƙa wa marar lafiya, kuma mutumin da ke shan magani kan awa, ruwa na zuba daga cikinsa, ba shi da hurumin ɗaukar azumin bana. In likita amintacce ya ce nan gaba zai iya, ya rama, in ya ce ba zai taɓa iyawa ba, ya ciyar. Salla kuma, masu leda da yawa suna barinta don suna ganin ba su da tsarki. Hukuncinsa na mai uzuri ne, ya zubar da ledar, ya yi alwala, ya yi sallarsa, a zaune ma in sujada na matsa cikin.

Ƙanwar mai jinya, Bilbis:
Allah ya gafarta Malam, Inna ta riga ta tanadi jiƙo da sassaƙe na ƙarin jini, da rubutu.

Malam, Wadata:
Addu'a da tofi sun wadatar. In ta matsa kan rubutu, allo wankakke da ruwan da aka tafasa. Jiƙo kuwa na likita ne ya amsa.

Likita Ba'adare, Faransa:
Jiƙo da sassaƙe da tsimi a'a, ko kurɓi ɗaya. Itatuwa da yawa suna taɓa yadda hanta da hanji ke sarrafa takrolimus, kuma ruwan da ya kwana da saiwa a ciki ƙwayoyin cuta ne. Ku faɗa wa Inna da lallashi, don ƙauna ce ta sa ta tanada.

Furar Kawu kuma ba a hana ba, sharaɗi gare ta. Nonon da ba a tafasa ba, da cuku, da furar kasuwa da ake damawa da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, su ne matsala. In gida aka yi, gero ya dahu, madara an tafasa ta kafin a sa ta yi tsami, ruwa tafasasshe, a dama a sha nan take, ya fara da kaɗan a ga yadda leda za ta yi. Kilishi da tsiren bakin hanya da salati ɗanye a dakata. Zogale a dafa shi sosai. Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida ya fi tuwo malmala uku a zama ɗaya. Maiƙo a hankali, domin hanyoyin da ke kwashe kitse daga hanji an yanke su wajen dashe, sai sun sake haɗuwa. Lemun kwalba da bisab mai sukari da yawa suna ƙara zawo.

Majo mai ritaya, Yantala:
Ga aikin da nake so matarsa ta riƙe. Kaye guda da biro, da moɗa mai layin awo wadda ba a yin komai da ita sai wannan. Duk lokacin da aka zubar da leda a auna a rubuta. Zafin jiki safe da yamma, nauyinsa kowace safiya, da launin fitsari. In abin da ke fita ya wuce lita ɗaya da rabi a yini, ko ya ɗara na jiya sosai ba dalili, ko fitsari ya ragu ya yi ja, a kira likita. Kuma mai sitomi in ƙishi ya kama shi, ruwa zalla da yawa yana wanke masa gishiri ne ya ƙara zuba. Fakitin SRO, garin gishiri da sukari na masu zawo, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ya riƙa kurɓa yini duka. Parasetamol ba laifi, amma a auna zafin jiki kafin a ba shi, kada ya rufe zazzaɓi.

Ledojin ma su taho da su da yawa. Zufa tana ɓanɓare mannin, wadda ke kwana uku a can tana iya yin ɗaya a nan. A busar da fatar sarai kafin a manna sabuwa, a yanka bakin daidai girman naman, in ya yi faɗi ruwan na cin fata ya zama gyambo. Ina Yantala, in sun sauka zan zo in ga yadda take canzawa, ba na son ko dala.

Ƙanwar mai jinya, Bilbis:
Majo, Allah ya biya. Likita, akwai tambayar da na kasa yi wa kowa a gida. Masu irin aikin nan suna daɗewa?

Likita Ba'adare, Faransa:
Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba, aiki ne mai nauyi, kuma sakamakonsa bai kai na ƙoda ba. A manyan cibiyoyi kusan 8 cikin 10 suna wuce shekarar farko, akwai kuma waɗanda suka haura shekara 10 da 20 da hanjin da aka dasa musu, suna aiki suna iyali. Watannin farko su ne mafi haɗari, Yayanku ya wuce shida yana ci da bakinsa, wannan babbar alama ce. Abin da ya rage sa ido ne: awon ƙoda, da sukari, da hawan jini, domin magungunan suna kawo su, da awon CMV da wata ƙwayar cutar da ake kira EBV kamar yadda suka tsara. Ƙurji a fata ko kaluluwa da ta kumbura ba ta sauka ba, a nuna. Rigakafin shawara da na ƙyanda masu rai ne, ba a yi masa su, amma na sanƙarau ba laifi, yaran gida kuma a yi musu nasu, kariya ce gare shi, sai dai ɗigon shan inna na baki shi ma mai rai ne, a fara tambayar likita. Kwana nawa mutum zai yi, na Allah ne.

Kafin su baro, su karɓi cikakken rahoton aikin a rubuce, a juya shi zuwa Faransanci, da lambar WhatsApp ta likitan da za a iya samu da dare. A kai wa likitan ciki a Yamai rahoton tun kafin jirgi ya sauka, su biyun su san juna. Kada a bari sai ranar zazzaɓi a fara neman wanda zai karanta Turanci.

Kuma kada a manta da ƙanenku. Yawanci mita ɗaya da rabi zuwa biyu ake ɗiba daga ƙarshen hanjin mai bayarwa, wurin da ke tsotsar bitamin B12, don haka a riƙa auna masa. Buhun albasa sai likita ya ce ya ɗauka.

Kawu na Garkawa:
Ɗiyata, ni ban ce Tawa ta kasa ba, kuma ranar da anka rufe cikin nan ina son in gane shi Garkawa. Amma wata uku ba su kashe kowa. Kada ku kama haya. Ɗana na Banifandu yana da ɗaki biyu can baya da makewayi nasu, na yi mishi waya yanzu, ya ce su zo.

Majo mai ritaya, Yantala:
Madalla Kawu. Akwai dabbobi a gidan?

Kawu na Garkawa:
Raguna biyu na layya, da tantabarun yara.

Majo mai ritaya, Yantala:
Tantabarun a kai su wani gida, kashinsu na ɗauke da cutar da ke kama huhu da ƙwaƙwalwar mai raunin garkuwa. Ragunan a ɗaure su nesa da ƙofarsa, kada ya share turkensu, ranar layya kuma ya wakilta a yanka. In hazo ya sauko ya sa takunkumi.

Ƙanwar mai jinya, Bilbis:
Kawu, mun gode, Allah ya bar zumunci. Sai dai Inna ba ta san da wannan ba tukuna, kuma ni in na faɗa mata cewa za ta yi matarsa ce ta zuga ni. Ko za ku biyo gida?

Kawu na Garkawa:
Ina nan tahe bayan la'asar. Malam, in kana kusa mu tahi tare.

Mai farmasi, Bukoki:
Ƙanwata, ki sa matarsa ta ɗauki hoton ordinas ɗin da kwalayen magungunan gaba da baya ta turo mini yau, in ga waɗanda ake samu a nan da waɗanda sai sun sayo can kafin su taso.